Saitin Jirgin Umezaki

A ƙauyenmu idan ka gaida Kabashima Rikio ba ya ce maka lafiya lau. "Na gaji," ita ce amsarsa, da safe ko da yamma, lokacin zafi ko lokacin sanyi. Tun ina amarya nake jin wannan amsa daga bakinsa, ga shi yau shekaruna sittin da takwas. Da can dariya muke yi masa, don mutumin da ya ce ya gaji shi ne zai rungumi kan inji ya ɗora a benci ba tare da ya nemi a kama masa ba. Daga baya muka daina dariyar, saboda maganar ta zama gaskiya, kuma ba a kansa shi kaɗai ba.

Shi ne bakaniken jiragenmu. Mu manoman nori ne, ganyen teku muke nomawa a kan raga, ni da mijina Umezaki Kiyoto, a jirgi guda, shekara arba'in da ɗaya. Riki-san kuwa, kamar yadda muke kiran Rikio, bai taɓa kafa ko turke ɗaya a ruwa ba. Ɗa na uku ne a gidansu, gonar ruwa ta babban wa ce, don haka yana gama makaranta aka sa shi a jirgin ƙasa zuwa Osaka. Shekara goma sha biyu ya yi a masana'anta yana feƙe ƙarfe, sannan ya dawo da matarsa Nobue, ya buɗe gareji a bakin kogi, kusa da inda ake jawo jirage tudu.

Ya dawo daidai lokacin da mutane ke barin jiragen katako suna sayen na faiba, wata irin roba mai tauri, masu inji a ciki da wutsiya a waje. Wutsiyar ce ke ɗauke da farfela, kuma ana iya ɗage ta sama. A tekunmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda sau biyu a rana ruwa yake janyewa ya bar jirgi zaune a kan taɓo. Sai dai irin wannan jirgi yana da halinsa. Shaf guda ne, wato dogon ƙarfe mai juyawa, ya haɗa inji da wutsiya, ya ratsa bangon baya ta cikin boris, ya shiga wani baki mai haƙora a bayan injin. In injin ya karkata ko da kaurin farce ne, shaf ɗin zai riƙa cin haƙoran nan a hankali, har ranar da za ka ba shi wuta ya yi ta ihu, jirgi yana tsaye wuri ɗaya. Shi ya sa duk sanda aka ciro inji aka mayar, sai an yi saiti kafin a ɗaura wutsiya.

Da sanda ake saitin. Riki-san da hannunsa ya feƙe tasa, ta ƙarfe ce, tsawon hannu, kuma kullum a naɗe take cikin wani tsohon zanen girkin Nobue. Mutane sukan ce ba a san wadda ya fi lallaɓawa ba tsakanin matar da sandar, Nobue kuma ta ce ai babu wani abin sani, sandar ce. Yakan shafa wa bakinta giris, ya tura ta ta cikin boris har ta shiga haƙoran, ya zaro ya karanta. Inda haƙora suka fi cin giris, can injin ya karkata. Sai ya shiga cikin jirgi ya durƙusa, ya juya notin mazaunin inji rabin juyi, ya fito, ya sake shafawa, ya sake turawa. Wani lokaci sau ashirin, wani lokaci sau hamsin. Dokarsa ɗaya ce: sanda ta shiga ta fita da yatsa biyu. Ya taɓa korar wani mutum daga garejinsa da tsintsiya don ya doki gindin sandar da tafin hannu, shekara uku ba su gaisa ba.

Jirgi ɗari biyu da wani abu yake dubawa a zamanin da ƙauyen yake ƙauye. Yanzu talatin da ɗaya suka rage, masu su duk da furfura. Shekara biyar da suka wuce kan Nobue ya fara rikicewa, ta ɗora tukunya ta manta, ta fita sayen kifi a tsince ta a bakin gada tana tambayar hanya. 'Yarsu ta zo ta ɗauke ta zuwa birnin Fukuoka, da sharaɗin uban zai rufe gareji ya biyo su. Ya ce to, bari dai ya gama saita jirgin Umezaki. Jirginmu ke nan. Ya gama a waccan shekarar, bai tafi ba. Ya sake faɗa a shekara ta biyu, da ta uku, har maganar ta zama abin tsokana: in an tambayi mutum yaushe zai daina shan taba, sai ya ce in Riki-san ya gama saita jirgin Umezaki. Sau ɗaya a wata yakan hau mota ya je ya gan ta, ya kwana biyu, ya dawo da sauri kamar ya bar wuta a kunne. Ni kaina na zage shi a zuciyata ba sau ɗaya ba. Na ɗauka son ƙarfe ne ya fi masa mata.

Bana, saura kwana tara ranar shuka, jirginmu yana tudu a gaban garejinsa. Haƙoran nan ne suka sake cinyewa, karo na huɗu a saninna, ya ciro injin ya sa sababbi ya mayar. Ranar shuka ƙungiyar manoma ce ke sa ta, kowa rana ɗaya yake fita ya shimfiɗa ragarsa da ɓawon kawa, wata dabbar teku, mai ɗauke da irin nori a rataye a ƙasa. Wanda ya rasa wannan ruwan sai ya yi ta bin baya har ƙarshen shekara. Ni da Kiyoto mun riga mun kafa turaka, mun ɗaura jakunkunan ɓawo har yatsuna sun daina lanƙwasuwa. Saiti kawai ya rage.

Ina kai musu abincin rana, dunƙulen shinkafa da shayi, don Riki-san in an bar shi kifin gwangwani zai ci a tsaye. Ranar farko na tarar da shi zaune a kan akwati yana goge hannu.

"Sandar ta shiga?" na ce.

"Ta shiga, Michi-chan." Har yau haka yake kirana, kamar wata 'yar firamare. "Sai dai mu ga gobe."

"Me zai faru gobe? Aljanu ne za su zo su juya notin?"

Ya dubi Kiyoto, Kiyoto ya dubi kogi.

Washegari sandar ta ƙi shiga. Na tsaya ina kallo ya tura da yatsa biyu, ta tsaya a rabi. Ya zaro, giris ya cinye a gefe guda. Ya kama gefen jirgi ya hau tsani da ƙyar, gwiwa ɗaya bayan ɗaya, ya shige ramin inji. Mutum mai shekara saba'in da biyar, a ninke cikin wurin da kare ma sai ya yi tunani kafin ya shiga. Ya yi ta yi har la'asar, ta shiga. Kwana na uku da safe ta sake ƙi.

A ranar ne wayarsa ta yi ƙara yana cikin ramin, hannunsa duk giris, ya ce in ɗauka in kara masa a kunne. 'Yarsa ce, kuma muryarta tana fita har ni ina ji.

"Baba, jiya ta kira ni da sunan ƙanwarta. Likita ya ce abin yana sauri yanzu. In kana so ta gan ka ta san kai ne, ka zo kafin sanyi, ka zo ka zauna, ba ziyara ba."

"Na ji. Bari in gama..."

"Kada ka faɗa mini sunan jirgin nan, Baba. Don girman iyayenka kada ka faɗa."

Ta kashe. Na tsaya da waya a hannu, kunya ta rufe ni kamar ni na yi laifin. Sai na leƙa ramin da kyau, abin da ban taɓa yi ba, don a jirgi wurina gaba ne, wajen raga. Mazaunin inji na dama yana zaune a kan gungumensa lafiya lau. Na hagu kuwa a kan tarin faranta na ƙarfe yake, sirara, an jera su ɗaya bisa ɗaya. Na ƙirga da ido, sun haura ashirin.

"Riki-san, mene ne wannan?"

"Ciko ne."

"Na ga ciko ne, ba makauniya ba ce ni. Cikon me?"

"Tambayi mijinki."

Na cire takalmi na sauka, na sa babban yatsa na danna gungumen kusa da farantan. Faibar da ta rufe shi ta lotsa kamar burodi, wani baƙin ruwa mai wari ya ɓulɓulo ta gefen ƙusa. Ko ni da ban san inji ba na san abin da na gani. Katakon da ke ciki ya ruɓe, injin yana nutsewa a cikinsa kullum, ana saitawa yana sauka.

"Baba!" Haka nake kiran Kiyoto tun da muka haifi 'yar fari. "Zo nan. Tun yaushe wannan gungumen ya ruɓe?"

"Ke, fito daga nan, ba wurinki ba ne."

Shekara da shekaru sunana a bakinsa "ke". Na ce ba zan fito ba sai an gaya mini dalilin da ya sa bakanike kamar Riki-san, wanda yake korar mutum da tsintsiya a kan dukan sanda, zai zauna yana jera faranta a kan ruɓaɓɓen katako maimakon ya yanke ya sa sabo. Aikin kwana uku ne, kowa ya sani.

Riki-san ya fito daga ramin ya zauna a gefen jirgi, ya ce, "Kiyo, na gaji. Wannan karon da gaske nake. Ko ka faɗa mata ko in faɗa."

"Yaya Riki, ka yi mini alkawari."

"Na yi, na kuma riƙe shi shekara goma sha bakwai. Dubi hannuna." Ya ɗaga yatsun nan biyu, suna rawa. "Jiya sau uku na tura sandar ban san ko ta shiga da daɗi ko ni na danna ta ba. Ni ke nan, da nake jin kaurin gashi. In na tafi, wa zai riƙa zuwa maka sau biyu a shekara yana ƙara faranti? Yaran kamfani? Suna gani za su ɗauko zarto. In kuma ba a ƙara ba, wata rana cikin sanyi haƙora za su tafi kuna tsakiyar gona, ruwa yana janyewa, kai da ita, tsofaffi biyu. Ka ce in tafi in bar wannan a bayana?"

Kiyoto ya kawar da kai, sai Riki-san ya faɗa.

Kowane jirgi a wurinmu yana da funadama, kurwar jirgi. Maƙerin jirgi ne ke sa ta, shi kaɗai, ba mai kallo: gashin matar mai jirgi, da kwabbai goma sha biyu, da 'ya'yan caca biyu na katako, irin na ludo. A jiragen zamanin da, gindin sandar filafili, wato zanen da iska ke turawa, ake fafewa a sa. Na tuna ranar da tsoho Eriguchi, wanda ya ƙera namu, ya aiko a karɓi gashina, na yanke masa tsawon tafin hannu daga ƙeya na naɗe a farar takarda. Ban taɓa tambayar inda ya sa ba, ba a tambaya. Ashe tsohon ya duba jirgin faiba ya ga babu sandar filafili, sai ya yi nasa lissafin: abin da ke tura jirgi shi ne filafili, yanzu kuma inji ke turawa. Ya fafe gungumen da inji zai zauna a kai, na hagu, ya zuba kayan, ya toshe, ya rufe da faiba. Ruwan gindin jirgi kuwa bai san kurwa ba, ya sami hanya ta toshiyar ya shiga.

"Shekarar da muka sa sabon inji," in ji Riki-san, "ina huda wurin ƙusa, sai na ji abin hudar ya faɗa rami. Na zaro shi da jiƙaƙƙen katako, ga gashi ya naɗe a bakinsa. Na kira wannan mai taurin kan na nuna masa. Kin tuna inda kike a wannan makon?"

Na tuna. Ina asibiti, an buɗe cikina an cire abin da aka cire, likitoci suna magana ƙasa-ƙasa a bakin ƙofa.

"Ya karɓi gashin ya mayar cikin ramin da yatsansa, ya ce in toshe. Ya ce in aka fitar da gashinki daga jirgin nan ba za ki fito daga asibiti ba. Na ce masa Kiyo, wannan ba ya cikin al'ada, kai ka ƙirƙiro. Ya ce ko ma wa ya ƙirƙiro, ba zai gwada ba. Kika warke. To daga nan wa ya isa ya gaya masa ba gashin ba ne?"

Na san abin da ake so mace ta ji a irin wannan wuri. Ana so zuciyarta ta narke, ta dubi mijinta da hawaye. Ni dai haushi na ji, irin wanda ke sa kunne ɗumi. Shekara goma sha bakwai maza biyu suna ɗaga inji suna saukewa saboda ni, ba wanda ya ga ya dace ya tambaye ni. Wata mata kuma tana can Fukuoka tana mantuwa da fuskar mijinta, saboda guntun gashin da na yanke ina da shekara ashirin da bakwai.

"Baba," na ce, "gashin wa ke cikin katakon nan?"

"Ke, ba a wasa da..."

"Na ce gashin wa?"

"Naki."

"To ina son abina. Riki-san, ɗauko zarto."

"In wani abu ya same ki fa?" Muryar Kiyoto ta canja, ban taɓa jin ta haka ba.

"Abu ai zai same ni, Baba. Shekarata sittin da takwas, bayana ba ya miƙewa, yatsuna ba sa rufuwa. Kana tsammanin katako ne zai hana? Nobue fa, gashinta a wane jirgi yake da aka bar ta ita kaɗai?"

Ya juya ya sauka daga tsanin, ya tafi bakin kogi ya tsuguna ya ba mu baya. Bai ce a yanka ba, bai kuma ce kada a yanka ba, a wurin Kiyoto wannan amincewa ce.

Riki-san ya sake rataye injin da sarƙa ya ɗaga. Kafin ya taɓa gungumen sai da ya wanke hannu, ya yayyafa gishiri da 'yar giyar shinkafa, ya sunkuyar da kai ya ba jirgin haƙuri. Sannan ya yanka. Zarton bai sha wata wahala ba, faibar kawai ya ci, abin da ke ƙasa da cokali ma za a kwashe shi. Ya sa hannu cikin baƙin dagwalon ya riƙa fito da kaya yana ajiyewa a kan tsumma. Kwabban sun yi kore sun manne da juna. 'Ya'yan cacan babu su, sun narke, takardar ma haka. Gashin ne kawai bai yi komai ba. Na wanke shi a bokiti, ya fito baƙi wuluk, mai kauri, yana sheƙi. Na riƙe shi a tafin hannu ina kallo, na rasa ta yadda aka yi wannan ya taɓa zama nawa. Yarinyar da ta yanke shi tana ganin shekara goma za ta yi a ruwa su tara abin da za su tara ta huta.

Kwana uku aikin ya ci, kamar yadda kowa ya sani. Ya yanko sabon katako mai tauri, ya dasa, ya lulluɓe da faiba, muka jira ta bushe. Kiyoto ya dawo a rana ta biyu, ya riƙa miƙa kaya. Kowace safiya kuma sai ya tsaya ya dube ni tun daga sama har ƙasa kafin ya sha shayi, yana duba ko na fara mutuwa.

"Ina nan," nakan ce masa. "Sha shayinka."

Saura kwana biyu shuka aka saukar da injin a kan sabon gungume, babu faranti ko ɗaya. Riki-san ya warware sandar daga zanen Nobue. Ya shafa, ya tura, ya zaro, ya karanta, ya hau tsani, ya juya noti, ya sauko. Na daina ƙirgawa a na goma sha takwas. Rigarsa ta jiƙe, kowace hawa sai ya tsaya a tsakiyar tsani ya huta. Can wajen azahar ya tura, ya tsaya, ya zaro, ya daɗe yana kallon giris ɗin. Ya sa Kiyoto ya juya injin kwata, ya sake gwadawa, haka har sau huɗu.

"Michi-chan, zo. Ban yarda da yatsuna ba. Ke gwada."

"Ni? Ka manta tsintsiyar?"

"Yatsa biyu. In kika danna, har ke sai na kora."

Na kama gindin sandar da yatsa biyu na tura. Ta tafi da kanta, sumul, har ta taɓa ƙarshe da wata 'yar ƙara. Na jawo ta fito. Haƙoran sun zana giris daidai ko'ina, zagaye guda. Washegari da safe muka sake gwadawa, ba ta canja ba.

"Wannan zai yi shekara goma ba a taɓa shi ba," in ji Riki-san.

Kiyoto ya washe baki. Ni kuwa na nemi akwati na zauna. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma duk shekara in aka jawo jirgin nan tudu, nakan sa rai Riki-san zai fito daga ramin ya ce ya mutu, ba ya gyaruwa, mu haƙura. Da bakina na sa aka ƙara masa shekara goma. Na dubi hannuwana, na ce a raina, to, kun ji.

Da yamma Kiyoto ya zo da wani ɗan akwatin katako da ya ƙera, ya ce a ɗakin tuƙi za a kafa shi, sama, inda ruwa ba ya kaiwa. Ya sa tsohon gashin a ciki, sannan ya tsaya yana juya almakashi a hannu.

"Michiyo," ya ce, "a ƙara da na yanzu."

Na yanke masa farin, ban yi gardama ba. Ina jin shekara talatin ke nan rabon da in ji sunana a bakinsa, kuma sai da ya zaɓi ranar da na gaji da yawa har ban iya jin daɗinsa ba.

Ranar shuka muka fita da sassafe tare da sauran jirage talatin. Injin yana tafiya babu ko girgiza, kofin shayina a kan akwati bai motsa ba. Riki-san yana tsaye a bakin gareji, bai ɗaga hannu ba, kunne kawai ya karkato har muka wuce gada. Da muka dawo mun tarar ya ja ƙofar ƙarfen ya sa kwaɗo. Sandar ya bar wa ƙungiya, amma ya tafi da zanen.

Bayan mako biyu 'yarsa ta zo kwashe sauran kayan gidan. Na je taya ta naɗe kwanuka, na tambaye ta jikin uwar. Ta ci gaba da naɗewa ba ta dube ni ba, ta ba ni labari.

Ta ce ranar da ya isa, Nobue tana zaune a bakin taga an taje mata kai. Ya shiga ya durƙusa a gabanta, ya ajiye zanen a cinyarta. Ta shafa shi, ta kai hanci ta shinshina giris ɗin, fuskarta ta saki. Ta dube shi da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo mai mutunci.

"Sannu da hanya," ta ce. "Daga ƙauyenmu kake, ko? Don Allah ko ka san mijina, Kabashima bakanike? Ya ce in ya gama saita jirgin Umezaki zai zo."

'Yar ta ce uban ya gyara durƙusonsa a gabanta. Sannan ya ce, "Na san shi. Ya gama. Yana hanya."

"Madalla," in ji Nobue. "Ya gaji, bawan nan. Kullum a gajiye yake."

Ta ce tun ranar kowace safiya sai ta yi masa wannan tambayar, shi kuma ya ba ta wannan amsar, sannan ya zauna kusa da ita su jira tare.

Na gama naɗe kwanon da ke hannuna na sa a kwali. Ruwa ya kusa dawowa, Kiyoto yana jirana a jirgi, akwai raga arba'in da za mu ɗaga kafin rana ta faɗi.